AKWATI DABAN, INJI DABAN: YADDA AKE GANE TSOHUWAR REDIYO DA GYARA TA

A gidaje da yawa a karkara akwai tsohuwar rediyo da aka jingine a ƙuryar ɗaki. Wata gadon kaka ce. Wata kuwa tsaraba ce da mahaifi ya kawo daga Makka ko daga cin rani. Ta daɗe da yin shiru, ƙura ta rufe ta. Wata rana sai 'yan gwangwan su zo su saye ta a kan kuɗin da bai kai na mudun gero ba.

Amma da tsohuwar zuma ake magani. Da yawa daga cikin waɗannan rediyoyi suna iya tashi su yi magana in sun sami gyara mai kyau. Wasu ma suna da daraja, domin a Turai da Amurka akwai mutanen da ke tara tsofaffin rediyoyi kamar yadda ake tara kayan tarihi.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata mai rediyo da mai saye su sani. Ba kullum ba ne abin da ke cikin rediyo yake daidai da sunan da ke jikinta. Sau da yawa akwatin na wani kamfani ne, injin kuma na wani. Wanda bai san wannan ba yana iya asarar kuɗinsa. Yana ma iya jefa iyalinsa cikin haɗari.

AKWATI DA INJI

Kowace rediyo kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne akwati, wato jikin da ido ke gani. Ana yin sa da katako, ko ƙarfe, ko roba. A jikinsa ne sunan kamfani yake. Kashi na biyu shi ne inji, wato kayan ciki da aka ɗaure a kan farantin ƙarfe ko a kan allo. Injin ne ke kamo tasha ya fitar da murya. Akwati riga ce kawai.

Ga misalin da zai nuna haka. A shekarar 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wata rediyo mai araha domin mutanen karkara a Rodeshiya ta Arewa, ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Akwatinta tukunyar girki ce ta alminiyam wadda ba a sa wa mariƙi ba, aka shafa mata shuɗin fenti. Kuɗinta fam 5 ne, ban da batir. An rufe kafofinta da raga don kada ƙwari su shiga. Ga ta dai a cikin tukunya, amma ta yi magana sarai, mutane kuma suka saye ta da yawa.

IRI BIYU NA TSOFAFFIN REDIYOYI

Kafin a yi maganar sabani tsakanin akwati da inji, yana da kyau a san irin injin da ke akwai.

Iri na farko shi ne mai kwalabe. In an buɗe bayanta za a ga ƙananan kwalaben gilashi a tsaye, masu kama da ƙwan lantarki. Su ake kira bawul. Irin wannan rediyo tana da girma da nauyi. In an kunna ta ba ta magana nan take, sai kwalaben sun ɗauki zafi.

Iri na biyu shi ne mai taransisto. An ƙirƙiro taransisto a Amurka a 1947. Rediyon aljihu ta farko mai aiki da shi ta shiga kasuwa a 1954, kamfanin Sony na Japan kuma ya fitar da tasa a 1955. Taransisto ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar wake, yana da ƙafafu uku. Ba ya cin batir da yawa, kuma da an kunna sai magana.

A Nijeriya an fara da rediyo mai waya, wadda ake jawo wa murya daga tasha zuwa wani akwati a gida. An buɗe ta a Legas a 1935, ta iso Kano a 1944. Irin wannan akwati ba shi da inji, lasifika ce kawai a ciki. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. A waɗannan shekaru ne rediyo mai taransisto ta bazu a ƙauyuka, har manomi ya riƙa rataya ta a reshen bishiya yana noma yana saurare. Sunayen da aka fi sani su ne Philips daga Holan, Grundig daga Jamus, Pye da Bush daga Ingila, sai National da Sanyo da Sony daga Japan.

ME KE KAWO SABANI?

Dalilai uku ne ke sa a sami akwati daban, inji daban.

Na farko, wani lokaci haka aka sayar da ita tun asali. A Amurka, a shekarun 1920 da 1930, rediyo kayan adon ɗaki ce kamar kabad. Kamfanin E.H. Scott na birnin Chicago yakan sayar da inji, mai saye ya zaɓi irin akwatin da yake so. Kamfanin Atwater Kent na birnin Philadelphia ya fara da rediyon da aka jera kayanta a kan allon katako ba tare da akwati ba. Daga baya wani kamfanin kafintoci mai suna Pooley ya riƙa ƙera wa injinansa akwatuna. Saboda haka in an ga suna biyu a jikin irin waɗannan, ba algus ba ne. Haka kuma kamfani ɗaya yakan sa inji iri ɗaya a cikin akwatuna iri-iri. Shi ya sa lambar akwati da lambar inji sukan bambanta ko da duk na gida ɗaya ne.

Na biyu, larura. Gara ta cinye akwatin katako, sai a nemi wani akwati a sa injin. Ko kuwa inji ya ƙone, kayan gyara sun yi wuya, sai mai gyara ya ciro injin wata rediyo ya dasa. Wannan dabara ce ta mai neman mafita, kuma ba laifi ba ne in an gaya wa mai kaya.

Na uku, yaudara. Wani zai sami tsohon akwati mai suna, ya cusa masa injin ƙaramar rediyo mai araha, ya goge shi ya yi ƙyalli, ya sa masa kuɗin ta asali. Mai saye ya ga suna ya biya. Bayan wata biyu rediyo ta mutu.

ALAMOMIN DA AKE DUBAWA

Sayen tsohuwar rediyo ba tare da buɗe bayanta ba cinikin biri a sama ne. A cire batir, a zare waya daga wuta, sannan a kwance murfin baya a duba waɗannan abubuwa.

1. Ramukan kusoshi. A rediyo ta asali, kowace kusa mai zare tana shiga raminta daidai. In an ga tsofaffin ramuka babu komai a ciki, ga kuma sababbin ramuka an huda a gefe, to an canza inji. Haka nan in an ɗaure inji da waya, ko an tokare shi da guntun katako, ko an manne shi da gam.

2. Inuwar tsohon inji. Injin da ya shekara talatin a wuri ɗaya yakan bar shaida a ƙasan akwati. Wurin da ya zauna yana da haske, kewayensa ya yi duhu. In shaidar ta fi injin da ke ciki girma ko ƙanƙanta, ba shi ne na asali ba.

3. Maɓallai. Kowane maɓallin murɗawa ya kamata ya fito ta tsakiyar raminsa, kuma ya yi aiki. In akwai maɓallin da ake murɗawa ba ya yin komai, ko ramin da aka toshe, ko wanda aka faɗaɗa da wuƙa, akwai magana.

4. Gilashin tashoshi. Shi ne fuskar rediyo inda allura ke tafiya. In gilashin ya nuna mita 49, 41, 31, 25 da 19, amma injin ba ya kama gajeren zango ko kaɗan, a yi shakka. In kuma rediyo tana kama FM alhali babu FM a gilashin, an sa mata sabon inji. A lura kuma da allura. Ya kamata ta tashi daga wannan gefe ta kai wancan gefe daidai lokacin da maɓalli ya ƙare juyawa.

5. Takardar ciki. Yawancin rediyoyi masu kwalabe suna da takarda manne a cikin akwati ko a murfin baya. Takardar tana nuna yawan kwalabe, da lambar kowace, da wurin zamanta. A ƙirga kwalaben da ke kan inji, a karanta lambobinsu, a gwada da takardar. In takarda ta ce biyar aka ga shida, ko ta ce EL84 aka ga UL84, to ba tare aka yi su ba. In kuwa takarda ta nuna kwalabe amma ciki taransisto ne, magana ta ƙare.

6. Ƙasar da aka ƙera ta. A nemi kalmomin nan biyu, Made in, domin sunan ƙasa ne ke bin su. In akwati ya ce Holan, amma duk kayan ciki suka ce Japan, a ƙara bincike. Abu ɗaya ko biyu daga wata ƙasa ba hujja ba ce, domin mai yiwuwa gyara aka taɓa yi.

Waɗannan rubuce-rubuce suna kuma faɗin shekarun rediyo. In an ga W. Germany, wato Jamus ta Yamma, an yi ta tsakanin 1949 da 1990. In an ga USSR, wato Tarayyar Sobiyet, ba ta wuce 1991 ba. Tsofaffin gilasai suna rubuta kc a gefen lambobi, na baya kuma kHz, canjin da ya faro daga shekarun 1960. Rediyoyin Amurka na 1953 zuwa 1963 suna da 'yar alama mai kusurwa uku a kan lamba 640 da lamba 1240. Wanda ya iya karanta haruffa da lambobi zai gane duk wannan da kansa, ba sai mai sayarwa ya gaya masa ba.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Amma in biyu ko uku suka haɗu, babu sauran shakka.

INDA HAƊARI YAKE

Sabanin akwati da inji ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. A rediyo mai kwalabe wadda ake jona wa wutar lantarki, yana iya zama maganar rai.

Ana auna ƙarfin wuta da bolt, alamarsa kuma harafin V. Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240. Ta Amurka bolt 110 zuwa 120 ce, ta Japan kuma 100. A ce murfin baya ya nuna 240V, amma injin da aka dasa na Amurka ne. Da an jona shi zai ƙone. Saboda haka in an canza inji, kada a yarda da abin da akwati ya faɗa.

Harafin farko na lambar kwalba yana ba da labari a rediyoyin Turai. Harafin D na nufin kwalbar mai aiki da batir ce, kamar DK96. Harafin E, kamar ECH81, galibi yana tafiya da injin da ke da taransifoma. Harafin U, kamar UL84, na injin da ba shi da taransifoma ne. A rediyoyin Amurka, lambobi irin su 35Z5 da 50L6 su ma alamar rashin taransifoma ce.

Injin da ba shi da taransifoma yana iya ɗaukar wuta a jikin farantin ƙarfensa gaba ɗaya. Kamfanin da ya yi shi ya san da haka. Shi ya sa ya rufe shi cikin akwatin katako ko roba, ya ɓoye kusoshi, ya sa maɓallan da ba sa ɗaukar wuta. Wato akwatin ne garkuwar mai rediyo. In an mayar da irin wannan inji cikin akwatin ƙarfe, ko an sa masa maɓallin ƙarfe, ko an bar kusa a waje, yaro na iya taɓawa wuta ta ja shi.

Sai kuma zafi. Kwalabe suna zafi ƙwarai, shi ya sa murfin baya ke da kafofin shan iska. In an cusa babban inji a ƙaramin akwati marar kafofi, gobara na iya tashi, balle a ɗakin da aka rufa da ciyawa.

YADDA AKE GYARA

Doka ta farko ita ce kada a jona tsohuwar rediyo mai kwalabe da wuta don a gani ko tana aiki. Rediyon da ta shekara ashirin a ajiye tana iya ƙonewa a minti ɗaya. Riga-kafi ya fi magani.

Akwai aikin da mai rediyo zai iya yi da kansa.

A fitar da ita waje, a share ƙura da busasshen buroshi mai laushi. A cire gidan zanzaro, da kashin ɓera, da ƙwan kyankyasai. Kada a zuba ruwa a inji. In an ga wani farin faifai mai kama da kwali a kusa da kwalabe, kada a kankare shi, kada a hura shi. A wasu tsofaffin rediyoyi an yi shi da asbestos, ƙurarsa kuma tana cutar da huhu.

A duba gidan batir. Batirin da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfe. A goge tsatsar da takardar yashi har ƙarfe ya fito fes, sannan a wanke hannu da sabulu. Sau da yawa wannan kaɗai ke tayar da rediyo mai taransisto. Wajen sa sabon batir a bi alamar + da alamar -, domin juya batir yana iya kashe taransisto.

Gilashin tashoshi yana son hankali. A rediyoyi da yawa rubutun yana bayan gilashin ne, kuma jiƙaƙƙen tsumma yana iya share shi gaba ɗaya. A goge gaba kawai, a bar baya.

In takardar lasifika ta yage kaɗan, ana iya like ta da siririyar takarda da ɗan gam. In zaren da ke jan allura ya tsinke, a zana yadda aka naɗa shi a takarda kafin a cire, sannan a sa zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa.

Akwatin katako a manne inda ya ɓalle da gam na kafinta, a ɗaure shi ya kwana. Kada a shafa masa fentin ƙofa, domin yana rufe sunan kamfani ya rage darajar rediyo. Kada kuma a ɓare takardar ciki ko da ta yi baƙi. Ita ce shaidar rediyon.

Akwai wasu ƙananan kusoshi a kan 'yan gwangwanayen da ke jikin inji. Ba kwancewa suka yi ba. Kamfani ne ya daidaita su da na'ura don rediyo ta kama tasha. Mutane da yawa sun ɗaure su tamau suna zaton gyara suke yi, rediyo ta kurumce. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Sauran aiki na mai gyara ne, musamman a rediyo mai kwalabe. A cikinta akwai wutar da takan kai bolt 250 ko fiye. Akwai kuma wani abu da ake kira kwandansa, wanda ke riƙe wuta ko bayan an zare waya. Tsofaffin kwandansa na takarda da kakin zuma sukan lalace da shekaru, manyan kuma sukan bushe. Su ne ke sa rediyo gurnani. Yawanci su ake fara canzawa, ba kwalabe ba, domin kwalba tana iya daɗewa ƙwarai. Wayar wuta ma in robarta ta tsattsage dole a canza ta.

Gwanin mai gyara ba ya jona irin wannan rediyo kai tsaye. Yakan bi da wutar ta cikin ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki. In ƙwan ya yi haske kaɗan ya dushe, alama ce mai kyau. In ya haska sosai ya tsaya a haka, akwai matsala a ciki, sai ya kashe tun kafin wani abu ya ƙone. Yana da kyau a yi ciniki kafin a fara aiki, a kuma karɓi duk abin da aka cire daga ciki.

IN AN TABBATA AN CANZA INJI

Ba dole ne a yar da rediyo ba. Akwai hanyoyi uku.

Ta farko, a nemi injin da ya dace da akwatin, ko akwatin da ya dace da injin. A kwafi sunan kamfani da lambar da ke bin kalmar Model a takarda, a kai wa tsofaffin masu gyara a birni. Da yawansu suna ajiye matattun rediyoyi don cire kayan gyara. Mai wayar da ke shiga intanet kuma yana iya rubuta lambar ya ga hoton rediyon yadda take tun asali.

Ta biyu, a bar ta yadda take in tana aiki. Amma mai gyara ya tabbatar an ɗaure inji sosai, babu ƙarfen da hannu zai taɓa, kuma iska na shiga. Rediyo mai batir ba ta da wannan haɗari, don haka ita ce ta fi sauƙin bari a haka.

Ta uku, in akwatin ya lalace ƙwarai, kafinta ya ƙera sabo da katako, ya huda ramuka daidai da maɓallai, ya bar kafofin iska a baya. A ajiye tsohon gilashi da tambarin kamfani.

Kowace hanya aka bi, a rubuta abin da aka yi a 'yar takarda, da shekarar da aka yi shi, a manna a cikin akwati. Wanda ya gaji rediyon gobe zai san abin da ke hannunsa. In kuma za a sayar, a faɗa wa mai saye gaskiya cewa akwati daban, inji daban, a yi ciniki a kan haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma murfin bayan rediyo kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi.

Mai saye shi ma kada ya ji kunyar cewa a buɗe masa baya ya gani. In mai sayarwa ya ƙi, to ya riƙe kuɗinsa ya ƙara gaba.